Butocin Hajiya Lantana

Ku gyara zama, ku ɗan ajiye wayoyin nan. Yau na zo muku da labarin da ya hana dattawan unguwarmu shan fura cikin kwanciyar hankali.

A garin Kwarin Ɗinya, can bakin gulbi, an yi wata mata ana ce da ita Hajiya Lantana. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da wata 'yar masana'anta inda ake yin butoci da bokitai da bahon wanki. Ba wata babba ba ce, amma gidaje da dama da ita suke ɗora tukunya. Ƙwayoyin robar da ake narkawa kuwa daga ƙetare ake kawo su a jirgin ruwa, sannan su sha doguwar hanya a tirela.

Ana nan sai kaya suka yanke. Yau a ce jirgi bai iso ba, gobe a ce ya iso amma farashi ya fi ƙarfin kowa. Injuna suka yi tsit. Hajiya takan zauna a ƙofar masana'anta da carbinta, ma'aikata su zo su gaishe ta, su tashi, ba mai ce mata komai. Shirun nan ya fi zagi yi mata ciwo. A daminar shekarar kuma aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, gorunan roba da ledoji suka toshe magudanai, ruwa ya shiga unguwa ya ci katangu. Tana tsaye a tsakar gida, ruwa har ƙwauri, fasassun bokitai na yawo a gabanta, ta dubi 'ya'yanta ta ce, "Oh ni Lantana! Roba ta kashe mu ta gida biyu. Inda ake nemanta babu, inda ba a gayyace ta ba ta cika gari."

Maganar ta shiga kunnen babban ɗanta, Lurwanu, ma'aikacin ofis, mutumin da ko ƙura ba ya yarda ta taɓa masa shadda. Ya ajiye aikinsa ya nufi bola neman roba. 'Yan jari-bola suka yi masa kallon hadarin kaji. Wani ya ce, "Ɗan Hajiya, me ya kawo ka? Ko aiko ka aka yi a kore mu?" Bai yi fushi ba. Ya zauna da su, ya ci a kwanonsu, ya saya musu safar hannu da takalman ruwa, ya yi ta sintiri gidan mai unguwa har aka ba su filin tara kaya. Gari ya ɗauka cewa ɗan Hajiya ya zautu. Gidan da yake neman aure suka aiko masa da kayansa. Ranar Hajiya ta yi kuka, shi ne ma ya rarrashe ta. Kafin kaka, robar da aka tara a bayan masana'anta ta yi tsauni.

To, amma tsaunin roba ba buta ba ne. Injunan marigayi ƙwayoyi suka sani, ba sa cin fasasshen bokiti. Nan autan Hajiya ya shigo, Yahuza, mai walda, mutum mara yawan magana. Ya samo mataccen injin niƙa, ya ciro ƙarfe daga jikin wata tirela da ta daɗe da mutuwa, ya ƙera wuƙaƙen da za su daddatsa roba. Ya gina kwamin wanki wanda ruwansa ke tacewa ya sake dawowa, don kada a zuba dauɗa a gulbi. Inji ya ƙi, ya kwance, ya ɗaura, ya sake ƙi. Wata rana yana gyaran wuƙa, ta fizge masa yatsu biyu. Hajiya ta rantse ba zai koma ba. Hannu na naɗe da bandeji ya durƙusa gabanta ya ce, "Umma, saura ƙiris. In na bari yanzu, yatsun sun tafi a banza." Ta kau da kai, ta sa masa albarka. Ranar da injin ya tashi, har maƙwabta sai da suka rangaɗa guɗa.

Murna ba ta daɗe ba. An narka roba iri-iri a haɗe, butocin suka fito suna tsagewa. Waɗanda suka yi kyau ma 'yan kasuwa suka ƙi karɓa. Suka ce, "Wa zai yi alwala da butar bola?" Sai ta tsakiya, Kubura, wadda ta karanci kwamfuta, ta fasa tafiya Legas inda aiki mai tsoka yake jiranta. Ta haɗa wata manhaja a waya. Mai tsinta zai ɗauki hoton roba, waya ta faɗa masa da Hausa irinta da buhun da za ta shiga, shi ke nan tsagewa ta ƙare. Matar aure na cikin ɗakinta za ta aika saƙon murya cewa ta tara buhu, taswira ta kai mai kurar ɗaukar kaya har ƙofar gidanta. A gindin kowace buta kuma ta sa wata alama. Da ka haska ta da waya, sai ka ga unguwar da robar ta fito da yadda aka wanke ta aka narka. Liman da kansa ya haska, ya zo ya gani da idonsa, ya yi alwala da butar a bainar jama'a. In buta ta tsufa kuma, a mayar da ita, ta koma inji, ta sake fitowa sabuwa.

Masana'anta ta farfaɗo. Tsofaffin ma'aikata suka dawo, aka ɗauki sababbi. Garuruwan maƙwabta suka riƙa aiko da mutane su koyi yadda ake yi.

Shekaru suka ja, ƙafa ta fara gagarar Hajiya. Ta tara su ta ce, "Ni dai na gaji, kuma ba a sarki biyu zamani ɗaya, balle uku. Ɗayanku zai ja ragamar wurin nan." Lurwanu ya nuna hannun ƙaninsa ya ce, "Wanda ya ba da jininsa, shi ya kamata." Yahuza ya girgiza kai. "Ni na yi butar da ba mai saye. Yaya Kubura ce ta kai ta hannun mutane." Kubura ta yi dariya ta ce, "Umma, da Yaya bai shiga bola ba, hoton me wayata za ta ɗauka?"

Hajiya ta rafka tagumi, tana murmushi, hawaye na zuba. Har yau ba ta yanke hukunci ba.

To jama'a, ga mai tarawa, ga mai ƙerawa, ga mai haɗa su da duniya. In ku ne Hajiya Lantana, wa za ku ba ragamar a cikinsu?