Agogon da Ya Daina Magana

Ku gyara zama, domin wannan labari a hannunku zai ƙare.

Alhaji Isiyaku tsohon ɗan kasuwar fata ne a Kano. A zamanin ƙarfinsa ya dawo daga wata tafiya Turai da agogon hannu na farin ƙarfe, wanda ba ya cin batir. Yana nuna rana da wata da shekara, har da hoton farin wata mai girma da raguwa. Idan aka tura wani ɗan maɓalli a gefensa, sai ya buga lokaci: murya mai kauri ta awa, mai tagwaye ta kwata, siririya ta minti.

Da tsufa ya ɗauke masa gani, wannan murya ce ta riƙe masa mutuncinsa. Bai taɓa tambayar kowa ƙarfe nawa ba. Shi ke tada gida sallah, shi ke tuna wa kansa magani.

Washegarin da aka sanar da ganin watan Sha'aban, amininsa Malam Garba ya leƙa agogon a ƙofar masallaci, ya yi dariya.

"Alhaji, duk gari an ga wata, naka har yanzu duhu. Ko shi ma ya makance ne?"

Alhaji ya yi murmushi, amma maganar ta zauna masa. Da ya koma ɗaki ya ɗauki tsinke don ya tura watan gaba ta wani ɗan rami a gefen agogon, kamar yadda yake yi da can yana gani. Ya lalubi ramin da ba shi ba, ya danna alhali agogon na tsakiyar bugawa. Wani abu ya ce ƙas, shi ke nan.

Bai faɗa wa kowa ba. Yakan kai hannu kunne, ya yi kamar ya ji. Sannu a hankali ya daina fita masallaci, ya rage cin abinci, ya juya wa ƙofa baya.

Babbar 'yarsa Kubura ce ta gano agogon ya lalace, ranar da ya nemi maganin rana tun hantsi bai yi ba. Kowa ya ce rikicin tsufa ne, ita ta ce a'a. Ta roƙi agogon, ya ce ba za a cire masa shi ba sai ranar wankan gawarsa. Ta yi ta zuwa, yana korar ta.

"Baba," in ji ta a ƙarshe, "da ni ce na yi shiru haka, sai ka bar ni a ɗaki?"

Sai ya miƙa mata hannu.

Ɗansa Nafi'u ya karɓa. Masu gyara na kasuwa suka ƙi buɗe shi. Wani a Legas ya ce a zubar da kayan ciki a sa injin batir, Nafi'u ya tashi ya bar masa shagon. Aka ce sai inda aka ƙera shi, a Suwizalan. Nafi'u ya ƙi aikawa ta hannun kowa. Ya sha wahalar biza, ya tafi da kansa cikin sanyin da bai saba ba, kuma yana can aka yi sunan ɗansa na fari.

Gyaran ya ɗauki watanni, tsoho kuwa yana ta ramewa. Sai autarsa Lantana ta nemi izinin mijinta ta dawo gida. Ta samo tasa da kofin gilashi da cokali, ta zauna a bayan ƙofarsa. Da ya yi gyaran murya, sai ta buga masa lokaci yadda ta ji agogon na yi tun tana ƙarama: tasa don awa, duka biyun don kwata, kofi don minti. Ya gane hannunta tun bugun farko, amma ya yi kamar bai gane ba. Ya koma tada gida sallah. Wata rana yana cin tuwo ya ɗaga murya ya ce, "Agogon nan yau yana ɗan sauri." Aka ji dariya a bayan ƙofa.

Ranar da Nafi'u ya ɗaura masa agogon, Alhaji ya tura maɓallin. Muryar ta fito tar. Ya saurara har ƙarshe, ya share ido da bakin rawani.

"Ba na so a sayar da shi a raba bayan raina," in ji shi. "Zan bayar da shi kyauta tun ina da numfashi, wanda na ba ya ara mini. Amma na rasa wa zan ba."

Da Kubura ba ta gano ba, da agogon bai bar hannunsa ba. Da Nafi'u bai tafi ba, da agogon bai sake magana ba. Da Lantana ba ta zauna bayan ƙofa ba, da agogon ya dawo bai tarar da mai sauraro ba.

To ku da kuka ji, a hannun wa ya kamata Alhaji ya ɗaura shi?