Farar Ƙwayar da Aka Ba Shekari Babu Suna

Akwai wani mutum mai suna Shekari da ya zauna a Trikania, kudu da kogin Kaduna, shi da matarsa Eunice da 'yarsu Irene. Shekara goma sha huɗu ya yi yana tsaye a gaban injin saƙa a wata masaƙa da ke Kakuri. Dattijo ne a ikkilisiyarsu, kuma duk unguwar ta san bai taɓa kai giya bakinsa ba.

A shekarar 1982 aka gano yana da ciwon suga a asibitin gwamnati. Likita ya ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya kuma gargaɗe shi. Ya ce maganin kan sauke suga fiye da kima wani lokaci. In ya ji hannunsa na rawa, ƙirjinsa na bugawa, ya tsaya nan take ya sa wani abu mai zaƙi a baki.

Shekari ya riƙe wannan magana. Shekara biyu jikinsa na yi masa gargaɗi, shi kuma yana saurara.

Amma masaƙa ba ta san da ciwon ba. Lokacin rage ma'aikata ne. Kowane ƙarshen wata ana liƙa sunaye a bakin get, kuma kowa ya lura cewa masu yawan rashin lafiya ake fara kira. Don haka ya ja wa matarsa kunne.

"Maman Irene, maganar sugan nan daga ni sai ke sai Allah. Ko a zumuntar mata kada ki sa ta cikin roƙon addu'a."

Da daminar 1984 ciwon kai ya matsa masa a wurin aiki, ya shiga kilinik ɗin kamfani. Likita ranar Alhamis kawai yake zuwa. Sauran ranaku wani disfensa ne, mai ba da magani, mai suna Benson yake riƙe da wurin, ma'aikata na kiransa Dokta, shi kuma bai taɓa gyara musu ba.

Benson ya auna shi, ya ce jininsa ya hau. Ya zuba fararen ƙwayoyi a ɗan ambulan, ya rubuta ɗaya safe ɗaya yamma. Bai rubuta sunan maganin ba. Bai tambaye shi ko yana shan wani magani ba, tambayar da ba ta kai minti ɗaya ba. Shekari kuma bai faɗa ba.

Bayan mako biyu ciwon kan ya tafi. Shekari ya dawo gida wata rana yana murna, ya miƙa wa Eunice hannunsa.

"Duba. Ko rawa ba ya yi yanzu. Tun da na fara ƙwayar Dokta Benson ƙirjina bai sake bugawa ba. Ina jin sugan ma ya gudu."

Eunice ta dubi hannun. Da gaske ba ya rawa. Amma ana yayyafi a waje, gari da sanyi, rigar mijinta kuwa ta jiƙe sharkaf da gumi.

Ita ce ta fara ganin abubuwan da shi ba ya gani. Wata Asabar kafin abincin rana ya kira Irene da sunan ƙanwarsa da ta rasu tuntuni. Ran Lahadi yana karatun Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a, ya karanta aya ɗaya sau uku, sannan ya tsaya yana kallon bango, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da suka koma gida ya ci tuwo, sai ya warware sarai. Ta tambaye shi abin da ya faru a coci, ya ce me ya faru?

A nan tsoro ya shige ta.

"Baban Irene, mu kai ƙwayar nan asibiti su gani."

"Ranar ganin likitana sai watan gobe. In na nemi izinin fita yanzu, me zan ce wa oga? Kina so ki ga sunana a bakin get?"

Ran Talata, bayan ya tafi aiki, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ƙulle a bakin zani, ta nufi masaƙar. Ta bi layi a tagar kilinik har aka zo kanta.

"Ina kwana, Dokta. Ni ce matar Shekari na sashen saƙa. Don Allah sunan maganin nan nake so in sani."

Benson bai ɗaga kai ba. "Sunan magani? In na faɗa miki za ki iya rubutawa?"

Mutanen layi suka yi dariya.

"Gumi yake yi sosai tun da ya fara sha, kuma yana mantuwa. Na ce ko bai jitu da..."

Sai ta tsaya. A bayanta akwai wani akawu na ofishin ma'aikata, ya miƙo kunne. Ta tuna gargaɗin mijinta, ta fasa faɗin kalmar suga.

"Bai jitu da me ba?" in ji Benson. "Madam, mutumin da ke aiki a ɗakin inji ba zai yi gumi ba? Shekara tara ina wannan aiki, ba matar leburan da ta taɓa zuwa ta koya mini. Jininsa ya sauka ko bai sauka ba? Na gaba!"

Ta koma gida da ƙwayarta a bakin zani. Ku lura, mace ta taso daga gida ta ce mijinta yana gumi yana mantuwa. Ma'aikacin lafiya na kirki da ya ajiye biro ya tambaye ta ƙarin bayani. Wannan ya zaɓi ya ba layi dariya.

Ran Litinin ta gaba aka wayi gari da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Itace ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Shekari ya haɗiye ƙwayar suga da farar ƙwayar Benson da ruwan sanyi, ya ɗauki lema.

"Tsaya koko ya kusa," in ji Eunice.

"Ƙarfe bakwai suke rufe get. Zan ci wani abu a can."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bayansa har ya sha kwana. Duk safiyar ta kasa zama. Da koko ya yi, ta zuba a kwano, ta dama da sukari, ta ajiye, ta sake ɗauka. Wajen ƙarfe sha ɗaya ta ɗaura ɗankwali ta fita da kwanon.

Abin da ya faru a masaƙa daga baya ta ji shi. Tun wajen ƙarfe tara Shekari ya fara tangaɗi a tsakanin injuna. Zare ya tsinke bai ɗaura ba. Ogan sashe ya yi masa magana, ya amsa da harshe mai nauyi, har ya ture shi, abin da bai taɓa yi ba. Hannunsa bai yi rawa ba, ƙirjinsa bai buga ba, don haka shi kansa bai san sugansa ya faɗi ba.

Ranar Litinin ce, kuma a masaƙar an saba ganin waɗanda suka kwana a gidan burukutu ran Lahadi. Aka riƙo shi zuwa kilinik. Benson ya leƙo ta taga, ya dube shi sau ɗaya.

"A'a, har da dattijon coci? Ku kai shi rumfar masu gadi ya yi barci, in giyar ta sake shi ya tashi."

Suka kwantar da shi a kan benci. Ya fara minshari, suka ce ka ji, barcin giya ne.

A nan Eunice ta same shi, jikinsa sanyi ƙalau, rigarsa jiƙe. Ta girgiza shi bai motsa ba. Ta kai kokon bakinsa, ya zubo ta gefe.

"Suga ne!" ta ƙwalla ihu. "Mijina yana da ciwon suga! Ku taimake ni!"

Maganar da ta ɓoye shekara biyu ta faɗe ta a gaban kowa, amma lokacin ya fi awa biyu a kan bencin.

A asibitin gwamnati aka sa masa ruwan suga ta jijiya. Likitan ya karɓi farar ƙwayar daga hannun Eunice, ya juya ta yana dubawa.

"Maganin hawan jini ne mai kyau," ya ce. "Yana ceton mutane da yawa. Amma irin wanda ke rage bugun zuciya ne, yana ɓoye rawar jiki da bugun ƙirjin da mai suga yake dogara da su. Gumi kawai yake bari. Da an san yana shan ƙwayar suga, da an ba shi wani iri, ko a gaya masa abin da zai lura da shi. Wa ya bar shi kwance haka?"

Kwana uku kafin Shekari ya buɗe ido. Ya rayu, amma ƙwaƙwalwarsa ta daɗe babu abinci, kuma abin da ya lalace bai gyaru ba. Yakan gane Eunice. Irene kuwa wata rana ya gane ta, wata rana ya gaishe ta kamar baƙuwa.

Yana kwance a asibiti takardar sallama ta zo daga masaƙa. Dalilin da aka rubuta shi ne buguwa a bakin aiki.

Eunice ta kai takardar likita ofishin manaja sau biyar. An ce ana dubawa. An ɗauke Benson daga tagar magani aka mayar da shi sito, shi ke nan hukuncin. Kalmar buguwa kuwa ba wanda ya goge ta daga fayil ɗin mutumin da bai san ɗanɗanon giya ba, ba kuma wanda ya zo ya ce an yi kuskure.

Bayan wata huɗu, wata Lahadi da yamma, Benson ya zo gidan shi kaɗai. Ya tsaya a tsakar gida yana murza hularsa. Shekari na zaune a kan kujera. Da ya ga baƙo, sai ya yunƙura ya tashi da ƙyar, ya tura masa kujerar.

"Sannu da zuwa, Malam. Zauna mana. Daga ina?"

Benson ya dubi Eunice.

"Amsa masa," ta ce. "Gaya masa kai wane ne."

Benson ya ci gaba da murza hularsa. Shekari na tsaye yana murmushi, riƙe da bayan kujerar, yana jiran baƙonsa ya zauna. Benson ya kasa zama, ya juya ya fita.

Darasi: In kana da ciwon suga, kada ka ɓoye wa duk wanda zai ba ka magani, komai tsoron da kake ji. Kada ka daina maganin hawan jini da kanka, amma ka nemi sunansa, ka nuna wa likitanka duk abin da kake sha. Ku ma'aikatan lafiya, tambaya haƙƙin majiyyaci ce, kuma in kun yi kuskure ku amsa shi ku wanke sunan wanda kuka ɓata. Wanda kuka ga yana tangaɗi da gumi, ku bincika kafin ku kira shi mashayi. Ku tura wannan labari ga duk mai ciwon suga da kuka sani, da waɗanda ke kula da shi.