Akushin da Aka Daina Kaiwa

Akwai wani manomi mai 'ya'ya biyu maza. Wata rana mutanen hayin kogi, masu wani harshe dabam, suka aiko suna roƙo a ba su wanda zai koya musu noman rani, gama yunwa tana cinsu kowace shekara. Manomin ya aiki ƙaramin ɗansa da matarsa. Gari duka ya raka su bakin ruwa da kuka da addu'a.

Shekara goma sha biyu suka yi a can. Suka koyi harshen, suka saba da abincin, suka haifi 'ya mace mai suna Kyauta. Da aikin ya kafu, suka komo gida, damina kuwa ta riga ta yi nisa.

Aka yanka rago. Kwana uku akushin tuwo yana shiga ɗakinsu daga kowane sashe, kamar yadda ake yi wa baƙo. A rana ta huɗu babban ɗan ya ce wa matan gidan, "Ya isa haka. Ai gidansa ne, ba baƙo ba ne." Ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ganinsa girmamawa ce. Kowa ya saɓi fartanya ya koma gonarsa.

Amma ƙanen ba shi da rumbu, gonarsa ta koma daji, lokacin shukar gero kuma ya wuce. Matarsa ta tarar mahaifiyarta ta rasu tun bara. Kowa ya gama kukansa, ita kuwa yanzu nata ya fara, ba mai zama da ita. Kyauta kuma, da ta buɗe baki a bakin rijiya sai a kwashe da dariya, don Hausarta a karkace take. Kunya ta hana su faɗa wa kowa.

Wata safiya manomin, wanda yanzu ya tsufa, ya gangara lambu, sai ga jikarsa zaune a bakin kogi da ƙunshin kayanta.

Ya ce, "Amaryata, yaji za ki yi mini? Ina zuwa?"

Ta ce, "Gida za ni, Kaka."

"Ga gida can a bayanki."

"Wancan gidanku ne. A hayi, in Mama ta yi kuka akan zo a zauna da ita. Nan kuwa jiya ba mu ɗora tukunya ba, ba wanda ya sani."

Nan take wasa ya ƙare wa tsohon, baƙin ciki da kunya suka rufe shi. Ya ɗauki ƙunshin, ya riƙe hannunta, suka iske babban ɗan yana ban ruwa.

Ya ce, "Ɗana, barkonon nan da ka dasa, ba a lambun nan ka rene shi ba?"

"A nan ne, Baba."

"To, don me ka yi masa inuwa, kana shayar da shi safe da yamma?"

"Baba, abin da aka cire, sai an lallaɓa shi kafin ya kama."

Tsohon ya ce, "Ɗan'uwanka sau biyu aka cire shi."

Babban ɗan ya sunkuyar da kai. Ran nan da kansa ya kai akushin, bai kuwa daina ba sai bayan girbi. Aka kira gayya aka share gonar, aka shuka wake. Mata suka zo suka zauna da matar, suka yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar.

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan manomin shi ne ikkilisiya, ƙaramin ɗan kuwa shi ne mai bishara da muka aika cikin wata kabila tare da iyalinsa. Mun iya rakiya, mun iya tarya da waƙa, amma rana ta huɗu ce take kayar da mu. Ko sun dawo, ko an sauya musu wurin aiki, ko tsufa ya sauke su, sukan zama baƙi a inda kowa yake ce musu 'yan gida. Ba za su roƙa ba, 'yan'uwa. Kada mu jira sai mun tarar da 'yarsu a bakin kogi. Yau in an tashi sujada, ka tambayi kanka ƙofar wa ka daina kai akushi, ka koma ka yi sallama.