Maharbin da Ya Ƙi Gari

Tun zamanin da giwaye suke ratsa ƙasar nan garke-garke kamar shanu, an yi wani maharbi mai suna Tunau. Daga bakin kakata na ji labarinsa, ita ma daga tata kakar, kuma yadda aka ba ni haka zan bayar, ba ƙari.

A wani birni mai ganuwa aka haife shi, can arewa da mu. Uwarsa ta rasu yana goye, yayarsa Kyallu ce ta raine shi. An ce idan ɓauna ta taso masa yakan rikiɗe ya zama kututture, ta wuce tana huci, sannan ya miƙe ya ɗirka mata kibiya a haƙarƙari. Maroƙa suna yi masa kirari: Tunau na Kyallu, mai harbi ɗaya, wanda dawa ta sani da suna.

Amma kirari bai taɓa cika masa tukunya ba. Dokar birnin ita ce duk naman da maharbi ya shigo da shi, cinya ta mai unguwa ce, ƙirji na sarkin baka, fata ta fada. Da rani kuma, daidai lokacin da namun daji suke taruwa a bakin ruwa, sai a buga gangar gyaran ganuwa, kowane namiji ya ajiye sana'arsa ya ɗauki laka a ka. Wata shekara Tunau ya ƙi jin gangar, ya tafi ya kashe ɓauna. A ƙofar gari aka tare shi, aka rabe naman a gabansa, aka bar masa kai da hanji. Sannan dogarai suka sa shi cikin kwaɓi, ya yini yana taka laka yara suna dariya.

Da ya koma gida ko ƙafa bai wanke ba ya rataya kwarinsa.

"Yaya, zan tafi."

"Ina?" in ji Kyallu.

"Inda babu wanda zan durƙusa wa."

"To ka gaishe mini da birai. Su ma suna da babba, in ba ka sani ba."

Bai yi dariya ba. Ta ƙulla masa gari da barkono a tsumma, ya fita.

Ya yi ta nausawa kudu har ya daina ganin sawun mutum. Ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai wani farin gwanki ya tsaya a gabansa, bai gudu ba, shi ma bai ja baka ba. Gwankin ya yi gaba yana waiwaye, Tunau yana biye, har gindin wani babban maɗaci inda ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse. Nan ya yi bukka. Ya ci cinya shi kaɗai, ya kwanta a kan fatar abin da ya harba, ya tashi sa'ad da ya ga dama. Shekaru suka wuce bai ce wa kowa ranka ya daɗe ba.

Kuskurensa ɗaya ne, kuma irin na maharba ne. Dajin yana da duhu, yana da ruɗani, saboda haka duk inda ya bi sai ya sari jikin itace da gatari don ya gane hanyar komawa ruwa. Shi kansa maɗacin ya yi masa babban sara. A al'adar mutanen wancan zamani kuwa, wanda ya fara saran itace a bakin ruwa shi ne mai sari. Ƙasar tasa ce, ko yana so ko ba ya so. Ba a kafa bukka sai da izininsa, ba a raba gona sai da bakinsa.

Wata rana ya dawo daga farauta ya tarar da jaki a ɗaure a gindin maɗaci, ga wani maƙeri mai suna Barmo da matarsa mai tsohon ciki. Su ma gangar ganuwa ce ta kore su, suka ɓata a daji, saran itatuwa ya kawo su. Barmo ya zube ƙasa.

"Ranka ya daɗe, mai sari."

"Tashi! Kada ka sake ce mini haka. Ku sha ruwa ku wuce."

"Ai za mu wuce, ranka ya daɗe. Ta sauka kawai."

Matar ta sauka, aka ce sai ta gama wanka. Ta gama wanka, aka ce damina ta faɗi. Kafin kaka Barmo ya kafa maƙera, ƙarar uwar maƙera tana korar namun daji. Ƙanin matar ya zo, surukin ƙanin ya zo, masaƙa suka zo. Duk wanda ya iso sai ya durƙusa ya nemi izini. In Tunau ya ce a'a, sai a ce mai sari yana gwada haƙurinsu ne, su zauna su jira. In ya yi shiru, sai a ce ya yarda. Tun da sassafe ake layi a bakin bukkarsa: akuyar wane ta ci waken wane, matar wane ta zagi matar wane. Ya kore su da zagi, su tafi suna cewa mai sari ya yanke hukunci.

Ranar da abin ya kai masa wuya, wasu samari ne suka harbo gada, suka zo suka ajiye cinyar a gabansa, suka ce rabon mai sari ne. Tunau ya daɗe yana kallon cinyar nan. Sannan ya miƙe. Ya ɗauki kwarinsa, ya jefa gatarin cikin bukka, ya shige daji. Wannan karon ko ganye bai karya ba.

To, ashe labarin garin Tunau ya kai birni. Kyallu, wadda ta tsufa har ta rankwafa, ta biyo fatake don ta ga ƙanenta. Ta iso bayan tafiyarsa, hanya ta riga ta cinye ta. Ta sha ruwan maɗaci, ta tambayi inda yake, aka ce ya gudu. Ta ce, "Halinsa ne." Ba ta ƙara tashi ba.

Har ranar ba a taɓa mutuwa a wurin ba. Kabarin farko kuwa ba mai fasa ƙasarsa sai mai sari, in wani ya fasa ƙasa ba za ta riƙe gawa ba, kuma ba za ta ƙara ba da hatsi ba. Haka suka yi imani. Barmo ya shiga daji yana duban sama, inda ya ga ungulaye suna kewayawa ya nufa, ya same shi yana fiɗa.

"Ko nan ma?" in ji Tunau. "Me na ci muku ne? Akuyar wa kuma?"

Barmo bai durƙusa ba. "Yayarka ce, ta zo nemanka ta rasu. Tana kwance a inuwar maɗaci, rana tana yi, ba mai ikon taɓa ƙasa sai kai."

"Ku haƙa. Na ba ku ƙasar, na ba ku ruwan, na ba ku itacen."

"Ba a bayarwa, Tunau. Kai ma ka sani."

Ya sani. Ya kuma san wanda ya binne ɗan'uwansa na jini a ƙasa ya gama tafiya, domin kabarin da aka bari ba mai shi na kuraye ne. Ya dubi dajin da ke gabansa, wanda ba sara ko ɗaya a cikinsa. Sannan ya goge wuƙarsa ya bi Barmo.

Shi ya haƙa kabarin da hannunsa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Daga nan bai ƙara nisa ba. Ya gina ɗaki a bayan gari, ya juya ƙofarsa tana duban daji, ya yi ta yanke musu shari'a yana ba su baya har ya mutu. Ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa.

Garin nan shi ne Tungar Tunau. Har yau gidan mai gari yana waje, ƙofarsa tana duban daji, kuma shi yake fara sara a kowane kabari. Idan za a naɗa sabo, dole ya gudu a nemo shi, ya ce ba ya so. Na ga naɗi da idona ba ɗaya ba. Na yanzu iyakar gudunsu bayan makarantar firamare, su shimfiɗa darduma su zauna da sabuwar riga, suna leƙen hanya ko masu nema sun makara. Su ce ba sa so bakinsu har kunne. A duk waɗanda suka riƙe garin nan, mutum ɗaya ne ya faɗi maganar da gaske, shi ne kuma aka hana tafiya.