Baƙon Sarki Jatau Mai Cin Ƙuda

A wani zamani mai nisa, tun mutane da aljannu suna gaisawa in sun haɗu a hanya, an yi Sarki Jatau ɗan Barmo, jikan Gwabro mai buɗaɗɗen hannu, sarkin birnin Tsaunin Maje, wanda tun kakanninsa ba a taɓa kai loma baki a gidansu ba sai baƙo ya ci ya ƙoshi. Da tsufa ya kama shi, sai ya bar farauta ya koma renon tsirrai a tukwane, yana yi musu hira kamar jikoki, 'yarsa Tasalla, doguwa mai kunya, mai sanyin murya, tana riƙe masa buta.

Wata rana fatake suka kawo masa wani tsiro da ake kira Tulun Aljan, mai ganyaye kamar tuluna ƙanana-ƙanana, jajaye-jajaye, kowanne da murfinsa. Suka ce dai daga Fadamar Aljannu yake, kuma nama yake ci, suka wuce. Sarki ya ji ƙaunarsa har cikin ƙashi, ya ce wannan baƙo ne daga nesa, ya rantse ba zai ci komai ba sai baƙonsa ya ci. Aka sa shi a ɗakin da ya fi kowanne sanyi da duhu, aka cika masa tukunya da takin shanu, ana shayar da shi ruwan rijiyar fada, ana cusa masa tsire da kilishi a cikin tuluna, ga masu fifita tsaye a kansa kada ƙuda ya dame shi. Tulunan suka fara baƙi suna ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, naman yana nan yadda aka sa shi, Sarki kuwa kunu kaɗai yake kurɓa, har rawani ya yi masa nauyi.

Tasalla ta durƙusa ta roƙe shi ya ci ko loma ɗaya. Ya shafa kanta ya ce, "Uwata, ina zan kai kunyar Gwabro, in ci baƙona yana kwance da yunwa?"

Sai ta ɗaura ɗamara ta kama hanyar ƙasar da fatake suka ambata, Fadamar Aljannu. Ta ratsa birnin tagulla inda bishiyoyi ke yin sallama, ta haye kogin da ke gudu sama, ta bi ta kasuwar aljannu inda ake auna iska da mudu, duk wanda ta tambaya hanya sai ya matso kusa kafin ya ji muryarta. Daga ƙarshe ta isa fadar Sarauniya Dabbura, tsohuwar aljana, fara sol, mai gashi har ƙasa, wadda ba ta da abin so a duniya kamar waɗannan tsirrai, ga su nan jere a rana tsirara, iya ganin ido.

Sarauniya ta saurari labarin har ƙarshe, ta tambaya a hankali ko da gaske kilishi aka ba shi, da yaji da komai. Da Tasalla ta gyaɗa kai, aljanar ta yi dariya har hawaye, sannan ta share ido ta ce, "Allah sarki, tsohon kirki. Jikata, magani yana nan, amma sai kin ci jarrabawa. Ki zauna a gaban wannan tulu, hannuwanki a kan cinya. Kome kika gani, kada ki yi masa hidima."

Ga yarinyar da ta tashi a gidan da ba a barin baƙo ya ɗauki ko buta da kansa, wannan ya fi haye kogi wuya. Rana ta buga tsiron, zuciyarta ta ce ta yi masa inuwa da mayafi, ta daure. Wani ƙaton ƙuda, kore shar, ya sauka a bakin tulun, hannunta ya tashi da kansa zai kore shi, ta danne shi da ɗayan, gumi yana zuba. Ƙudan ya lashi zaƙin bakin, ya ƙara matsawa, santsi ya kwashe shi, ya faɗa ciki tsundum. Tasalla ta rufe baki, don ta gane abin da masu fifita suke kora a gida.

Sarauniya ta ba ta ƙunshin yashi da gansakuka, ta ce taki guba ne gare shi, ruwan sama kaɗai yake sha, sannan ta sa guguwa ta sauke ta a ƙofar fada.

Ta tarar saura tulu ɗaya mai rai, mahaifinta a jingine kusa da shi, ido ya faɗa. Ba ta ce masa ya yi kuskure ba. Ta ce ta je gidan su baƙon, ta ga yadda suke cin abinci a ƙasarsu, kunya yake ji in an ba shi a baki. Sarki ya ce ashe su ne suka takura wa bawan Allah. Ta wanke saiwarsa da ruwan sama, ta dasa shi cikin yashin, ta fito da shi tsakar gida, ta sallami masu fifita. Sarki da fadawa suka zauna suna kallon ƙuda kamar ana jiran ganin wata. Can ɗaya ya sauka, ya zagaya, ya tashi, Waziri ya yi tsaki. Ƙudan ya dawo, ya leƙa, ya zame ya faɗa cikin tulun.

Sarki Jatau ya fashe da kuka, ya ce, "Baƙona ya ci. Uwata, kawo tuwo."

Aka kawo tuwo da miyar kuka, aka buga tambari, ya naɗa Tasalla Magajiyar Lambu bakinsa cike da tuwo. Da ƙudaje suka taru a gefen akushi, wani bafade ya ɗaga mafici, Sarki ya riƙe masa hannu ya ce a bar su, in sun ƙoshi sun yi ƙiba, na baƙo ne. Allah ya bar mu da iyayenmu, ya ba su cin abinci da daɗi.