Tulun da Sarki Ya Ɗauka

An ce wani sarki ne aka yi a wata ƙasa mai faɗi, wanda bai gaji sarauta ba, da wuyansa ya same ta. Tun yana saurayi dako yake yi. Ya sayi jaki ɗaya, jaki ya zama ayari, ayari ya zama babban gidan aike mai zango arba'in, har ya kasance ko allura mutum zai aika ƙarshen ƙasa, gidan nan zai kai mata. Da sarkin ƙasar ya rasu bai bar magaji ba, jama'a suka ce wanda bai taɓa ɓatar da kayan kowa ba shi ya dace ya riƙe su, suka naɗa shi.

Da tsufa ya kama shi, sai ya tara mutane ya ce ya sauka daga shugabancin gidan aike, ya naɗa madugu. Amma fa saukar a baki ta tsaya. Kullum da hantsi sai a shimfiɗa masa buzu a ƙofar zango, wai shan iska yake. Ina shan iska! Duk ayarin da zai fita sai jagoransa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, madugu ya ce mu bi ta kaza." Sarki ya girgiza kai ya ce, "Mu dai a zamaninmu ba ta nan muke bi ba." Shi ke nan, maganar madugu ta mutu. A haka ya tuɓe madugai biyu cikin shekara huɗu, yana cewa 'yan zamani ba su da wuyan ɗaukar kaya.

Na ukunsu shi ne Nomau, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Gab da damina aka ba shi irin gero ya kai wa garuruwan gabas da fari ya cinye. Nomau ya ce a bi ta kan tudu, domin kogi ya sauya kwanciya. Sarki daga kan buzunsa ya ce mashigin da ya sani shekara arba'in bai taɓa cin amanarsa ba. Ayari ya rabu biyu, rabi suka ji madugu, rabi suka ji sarki. Na kogi suka maƙale a laka, na tudu suka dawo ceton su, iri bai isa ba sai da shuka ta wuce. Sarki ya fusata, ya sa aka tsare Nomau, ya ce ranar Juma'a za a tuɓe shi a kore shi daga ƙasar.

Amma hukuncin bai sanyaya masa rai ba. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ya duba yaransa kaf bai ga wanda zai zama madugu na huɗu ba, ga gwiwa ta ƙi, ga ido ya fara hazo. Wazirinsa ya ce, "Ya sarki, akwai wani tsoho a bakin rijiyar kasuwa, Baba Korau. Ba shi da karatu, amma ban taɓa kai masa magana na dawo da ita yadda na kai ta ba."

Ranar Alhamis da la'asar sarki ya tafi, daga shi sai waziri. Suka iske tsoho zaune a gindin tsamiya, da tsohon tulu a gefensa.

Sarki ya ce, "Ya kai dattijo, mece ce sana'arka?"

Ya ce, "Ya sarki, ina ɗora wa mutane kaya a ka. Na ɗora dubbai, ban raka ko ɗaya gida ba."

"A ɗora kaya me ya fi wuya?"

"Abin da ya fi sauƙi a ido."

"Yaya ake gane wuyan da zai iya?"

"Ba a gane shi a tsaye, sai ya yi nisa."

Sarki ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Dattijo, ban zo wasan kacici-kacici ba. Na gina gida da gumina, na ɗora wa mutum uku, ukun duk sun kayar. Nuna mini na huɗu."

Baba Korau ya ce, "Sai ka biya ladan tambaya. An ce kai ɗan dako ne a da. Kai mini tulun nan gindin waccan kukar, in ka isa da ruwansa zan faɗa maka."

Waziri ya zaro ido, amma sarki ya yi murmushi, don an taɓo masa inda yake alfahari. Ya tuɓe rawani, ya naɗe shi gammo, ya rage tsawo. Tsoho ya ce bismilla, suka ɗaga tare, tulu ya zauna daram. Sarki ya ɗaga ƙafa, sai ya ji hannun tsoho yana nan a wuyan tulu.

Ya ce, "To, saki."

"Je ka dai, ina tare da kai. Yi dama, akwai dutse."

Sarki yana ganin hanya sarai, ba dutse a gabansa, amma tulu ya karkata dama, dole wuya ya bi. Ruwa ya zubo masa a ƙeya.

"Na ce ka saki!"

"Haba, ya sarki! Tulun nan shekara ashirin yana hannuna, na fi ka sanin halinsa. Taimakonka nake yi. Yi hagu."

Ƙafa ta nufi gaba, tulu ya nufi hagu, wuyan sarki ya yi ƙara. A taki na bakwai tulu ya suɓuce, ya tarwatse a ƙasa, sarki ya tsaya jiƙe sharkaf, mata masu ɗiban ruwa suna rufe baki da mayafi.

Tsoho ya ce, "Waziri, kai ne shaida. Sarki ya fasa mini tulu, a bi mini haƙƙina."

Sarki ya daka tsawa ya ce, "Kai ka fasa shi! Wa zai iya tafiya da kaya ana riƙe da su?"

"A kanka yake, ya sarki. Kowa ya gani."

"A kaina yake, amma a hannunka yake!"

Baba Korau ya sunkuya yana tsintar gutsattsarin tulu, ya ce, "Kai taki bakwai ka yi, har ka yi mini tsawa. Nomau shekara biyu ya yi, bai ɗaga maka murya ba. Gobe kuma shi za a kora."

Sarki ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, ya tuna madugai biyun da ya tuɓe, ɗayansu ma ya rasu da baƙin cikin abin. Da ya buɗe baki sai ya ce a hankali, "In na saki, ni me na zama?"

Tsoho ya ce, "Abin da na zama. Mai zama a inuwa yana kallon kaya suna tafiya. Akwai kewa, ba zan ɓoye maka ba. Amma suna isa."

Ranar Juma'a jama'a suka taru don ganin korar Nomau. Sarki ya miƙe da kyar, ya ce irin da ya makara laifinsa ne, ba na Nomau ba, daga rumbunsa za a ciyar da garuruwan gabas har kaka, ya kuma nemi gafarar Nomau a gaban kowa. Washegari wani jagoran ayari ya biyo shi har fada, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, madugu ya ce mu bi ta dajin yamma." Sarki bai yarda da hanyar nan ba ko kaɗan, magana ta zo masa har baki. Ya haɗiye ta, ya ce, "Madugu ya faɗa. Allah ya kiyaye hanya." Da mutumin ya fita, sai aka ga sarki yana share ido da bakin rawani.

Shi ya sa masu hikima suka ce: ba adalci ba ne ka ɗora wa mutum kaya, ka ƙi saki, in sun faɗi ka hukunta wuyansa.