Muryar da Ta Kira Cecep a Cikin Hazo

Akwai wani Cecep, mai gyaran babur a garinmu Garut, saurayi mai ƙarfin ƙafa da kaifin baki. Wata Asabar suka hau dutse shi da abokansa biyu, za su kafa tanti a gandun dajin gwamnati su kwana ɗaya. Akwai Dadang malamin makaranta, sai Entis mai sayar da taliya, mutum mai jiki wanda ba ya gaggawa a komai.

A ƙofar gandun, Abah Emod, tsohon da ke gadi, ya tuna musu ƙa'idar dutsen. In hazo ya sauko ba a kiran sunan kowa, ba a kuma amsa kira. Mai neman ɗan'uwansa sai ya buga tukunya da cokali.

Cecep ya yi dariya ya ce, "Abah, mu da muke da waya a aljihu?"

Entis dai ya ciro 'yar tukunyarsu ya rataya a bayan jakarsa.

Tun daga nan Cecep ya sa shi a gaba da tsiya. Tukunyar na ƙara, shi yana cewa, "Kang Entis, babban yaya, ashe saniya muka zo da ita, har da ƙararrawa." Entis sai murmushi yana haki.

Bayan azahar suka kafa tanti. Cecep ya ɗauki jarka zai ɗebo ruwa a maɓuɓɓugar da ke ƙasa. Entis ya ce a jira shi su tafi tare. Cecep ya ce in ya jira shi sai gobe za a sha shayi, ya wuce shi kaɗai.

Yana cika jarkar hazo ya sauko. Itatuwa suka ɓace. Tsuntsaye da ƙwari suka yi tsit lokaci ɗaya. Ya duba waya, babu sabis. Ya juya, bai gane ta ina ya zo ba.

Sai ya ji an kira shi, a hankali, da muryar Entis sak.

"Cecep. Ta nan."

Ya amsa, ya bi. Duk sa'ad da ya matso sai muryar ta ƙara gaba kaɗan. Abin da ya fara damunsa, mai kiran ba ya haki ko kaɗan. Can ƙafarsa ta ture wani dutse, dutsen ya gangara gabansa. Ya kasa kunne, bai ji saukarsa ba.

Ya tsaya cak. Ashe a bakin wani rami mai zurfi yake.

Daga bayansa, nesa ƙwarai, ya ji ƙarar cokali a kan tukunya. Ya durƙusa ya shiga buga jarkarsa da dutse. Ƙarar ta yi ta matsowa sannu-sannu, har wani hannu mai gumi ya kama wuyan hannunsa. Entis ne. Dadang ya so su sauka neman taimako, shi ya ƙi, ya shiga hazon da rarrafe kusan awa biyu.

Cecep ya ce, "Kang, me ya sa ka kira ni ta bakin rami?"

Entis ya girgiza kai, ya ɗora yatsa a leɓe. A daidai nan, bakinsa a rufe, muryarsa ta sake tasowa daga cikin ramin.

"Cecep. Ta nan."

Ba wanda ya waiwaya. Entis ya ci gaba da buga tukunya, ya ja shi har tanti.

Da safe suka sauko, Entis a gaba da tafiyarsa ta kullum, Cecep a bayansa bai wuce shi ko taku ɗaya ba. A ƙofa Abah Emod ya dube su, ya ga tukunyar yanzu a jakar Cecep take rataye.

Darasi: Kada ka raina gargaɗin wanda ya riga ka sanin wuri, kada kuma ka yi wa mai tafiya a hankali ba'a, wataƙila haƙurinsa ne zai dawo da kai gida. Ku tura wa abokan tafiyarku su ma su karanta.